Zuwa Tawa da hatimin ofis a cikin jaka

Motocin Tawa da asuba suke tashi daga Yamai, don haka tun kafin kiran sallar fari muna tasha, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi, don hunturu ya sauka sosai. Takardar da ta fito da ni daga gida gajera ce: ana gayyatar ma'aikatan jami'o'i, da malamai masu riƙe da sassa da mu 'yan ofis, zuwa horo a kan shugabanci, kuma a Tawa za a yi shi. Abokan aikina sun yi ta yi mini tsiya, wai sai da furfura ta gama cin gemu sannan za a koya mini mulki. Ni kuwa Adar, yankin da Tawa take, ita ce ta fi ja na, don rabona da ita tun jami'ar garin ba ta wuce 'yan azuzuwa ba.

Tafiyar kusan kilomita 550 ce. Mun wuce Kure da duhu-duhu, ba wanda ya ga raƙumin dawa ko ɗaya, sai yaron mota da ya rantse ya hango biyu. Doso muka sha shayi a tsaye. Daga Dogon Dutse Zabarmanci ya fara ja da baya a cikin motar, Hausa ta karɓe hira. A kowane shingen jandarma sai a sauka, a nuna katin ɗan ƙasa, a taka da ƙafa a tsallake, motar ta biyo baya. Ba wanda ya yi ƙorafi. Kowa ya san halin da ake ciki.

Wadda muka zauna kujera ɗaya da ita wata Hajiya ce, dattijuwa, mai farin gilashi. Tun da gari ya waye wayarta ba ta huta ba, kuma amsar kusan iri ɗaya ce. “Ba na gari, ina hanya.” “Ka ce masa ya dawo Litinin ta sama.” “A'a, ba wanda zai buga masa, sai na dawo.” Da na ji haka na san 'yar gida ce. Na gaishe ta, na tambaya, ashe ita ce shugabar ofishin rajistar ɗalibai a wata jami'a, sikolarite kamar yadda muke cewa, ta biyo ta Yamai da wata hidima, kuma horon nan za ta. Ta zuge jakar hannunta ta nuna mini wani abu ƙunshe cikin baƙar leda, an ɗaure da roba. Hatimin ofis ne, da 'yar kwalin tawadarsa.

“Malam, wannan ko asibiti aka kwantar da ni, ƙarƙashin matashina yake kwana,” in ji ta.

Muka yi dariya, ta mayar da shi, ta ja zif.

A Birnin Ƙonni aka tsaya sallar azahar da cin abinci. Garin bakin iyaka ne, Illelar Najeriya tana nan kusa, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gani: 'yan canji zaune da damman naira a gabansu, kwalaben fetur jere a bakin titi, kowane ciniki ana yin sa da kuɗi biyu. Na ci balangu na jika guda, wato sefa dubu, mai naman ya ƙara mini gyara don na yaba yajinsa. Kaɗan gaba da Ƙonni, a Tsarnawa, hanya ta rabu. Wanda ya miƙe zai bi ta Malbaza mai siminti da Galmi mai albasa har Maraɗi. Mu muka karya arewa.

Daga nan ƙasa take sauya fuska. Yashi ya ragu, dutse ya yawaita, jajaye da baƙaƙe, tudu bayan tudu, sai can ka gangara cikin kwari ka ga kore shar, albasa da tumatir da kabeji, mutane sun duƙufa ana ban ruwa. Kwarin Badagishiri haka yake. A kan faƙo kuma za ka ga layukan duwatsu da aka jera da hannu don tare ruwan sama, aikin shekara da shekaru. Abin da ban gaji da kallo ba shi ne rumbunan Adar, manya-manya na laka, masu tumbi, wasu sun fi ɗakunan masu su girma. Da la'asar sakaliya muka shiga Tawa, ƙura ta yi wa kowa hoda.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya dube ni ya ce, “Baba, kun taho lahiya? Ina munka yi?” Na ba shi kwatance. Garin ya sauya ƙwarai. Tun bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, aka samu tituna da fitilu da gine-ginen da ban sani ba. Amma da ka kutsa tsofaffin unguwanni irin su Bilbis, lungunan suna nan yadda na san su. Gidan yayan wani abokin karatuna na sauka, wani Alhaji da ya yi rabin rayuwarsa a Abijan yana kasuwanci, kamar Adarawa da yawa. Ya ce in dai ya ji na kama ɗaki a otal, to zumunci ya ƙare.

Lokacin da na fara aiki, in an ce jami'a a Nijar, ta Yamai ake nufi, sai ko ta Musulunci da ke Sayi. Ta Yamai ta fara a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Haka aka daɗe. Sai a 2010 aka kafa ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 kuma aka ƙara Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Cikin 'yan shekaru jami'o'in gwamnati suka tashi daga ɗaya zuwa takwas. Gini ana iya tayar da shi cikin rani biyu. Amma kowace jami'a tana son shugaba da mataimaki da babban magatakarda da shugabannin tsangayoyi da na sassa da akanta da mai rajista, kuma waɗannan ba a kasuwa ake sayo su ba. Dole aka ɗora matasa a kujerun da a da sai mutum ya yi shekara ashirin yana kallon na gaba da shi kafin ya zauna. Wannan shi ne dalilin irin wannan horo, kuma dalili ne mai ƙarfi.

Sai dai ranar farko ba ta nuna haka ba. An yi jawabin buɗewa, an yi na godiya, an fita an ɗauki hoto, an sha kofi. Sannan wani masani ya kunna majigi ya shiga jero mana ire-iren shugabanni cikin Faransanci mai santsi, da da'irori da kibau a jikin bango. Ba ƙarya ya faɗa ba. Amma na duba ɗakin, rabin mutane suna latsa waya a ƙarƙashin tebur, sauran kuma hankalinsu yana wajen yarinyar da ke zagayawa da takardar kuɗin zama. Da wuta ta ɗauke aka yi ta neman mai tayar da inji, na ji wani a bayana ya ce alhamdu lillahi a hankali. Na halarci irin wannan zama a Yamai ba sau ɗaya ba, na san yadda yake ƙarewa: jaka mai tambari, biro, littafin rubutu da aka cika shafi uku.

Washegari aka kawo wata mata, tsohuwar babbar magatakarda da ta yi ritaya, gajera, mai sanyin murya. Ba ta taɓa majigin ba. Ta gaishe mu da Faransanci, ta juya Hausa, ta ci gaba da haɗa su yadda muke yi a ofis. Ta sa aka jawo tebur guda tsakiyar ɗaki, ta ce duk wanda ya san akwai makullin ofis ko hatimi ko wani abin aikin jami'a a aljihunsa ko jakarsa ko masaukinsa, ya kawo ya ajiye. Na masauki ya rubuta sunan abin a takarda. Wanda kuma shi kaɗai ya san lambar sirrin wata kwamfutar aiki, kada ya rubuta lambar, ya rubuta sunan kwamfutar kawai.

Da farko aka yi ta kallon juna. Wani ya tashi yana dariya ya jefa makullai. Sai aka ɓarke. Makullan ofis, makullan kabad, makullin ɗakin da ake ajiye takardun jarrabawa, makullin motar aiki wadda ke ajiye can ba mai tuƙa ta, littafin tikitin mai, hatimai masu zagaye da masu kusurwa, wani har da makullin ɗakin taro na tsangayarsu ɗaure da jan ƙyalle. Takardu kuwa suka yi tsibi. Hajiya ce ta ƙarshe. Ta kwance robar, ta fito da hatimin daga leda, ta ajiye shi a gefen tebur ta inda take zaune, hannunta bai yi nisa da shi ba.

Matar ta zagaya teburin sau ɗaya, ta ce, “To, ga jami'o'inku nan a Tawa. Su wa kuka baro can, kuma me suke yi tun shekaranjiya?”

Ba wanda ya amsa. Wayar wani ta yi ƙara, aka fashe da dariya, don kowa ya san ko mene ne ake nema.

Wanda ya fara kare kansa wani matashin Dakta ne, shugaban sashe. Ya ce, “Madam, wallahi ba son mulki ba ne. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake yi.” Ya yi bayanin abin da duk muka sani amma ba mu cika faɗa ba. Malamin jami'a a ƙasashenmu ta hannun CAMES yake hawa, hukumar nan da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu. Ita ke duba takardunsa ta ɗaga shi daga mataki zuwa mataki har ya zama cikakken farfesa, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne bincike da abin da mutum ya wallafa da ɗaliban da ya yaye. Tsari ne mai kyau, ya hana a raba farfesanci a majalisar shayi. Amma mutum zai iya kai ƙololuwa bai taɓa karanta takardar kasafin kuɗi ba, bai taɓa raba faɗan ma'aikata biyu ba. Ran da aka ba shi sashe, in ji Dakta, sakatariya ce ta riƙa nuna masa da yatsa inda zai sa hannu. Tun daga nan yake tsoron kada wani abu ya fita ba da saninsa ba, shi ya sa komai yana aljihunsa.

Sai Hajiya ta gyara gilashi. Ta ce ita nata ba rashin sani ba ne, sani ne ya yi yawa. Shekarun baya, da ta tafi aikin hajji, ta bar hatimin a aljihun tebur ta ba wani makulli. Bayan wata da watanni sai ga takardar shaidar kammala karatu ta jabu ta ɓullo a wani wurin ɗaukar aiki, da hatiminta ɗaram a kai. Ita aka kira, ita ta yi ta sintiri ana yi mata tambayoyi, ita aka riƙa nunawa da baki a gidan biki. Wanda ya yi abin kuwa yana da dogon hannu a sama, ko gezau. “To ni Madam, bayan wannan, wa zan ba? Ɗalibi ya jira mako guda ya fi mini sauƙi da in sake tsayawa gaban kwamishina.”

Ɗakin ya yi tsit, don kusan kowa yana da irin labarin, nasa ko na maƙwabcin ofis.

Abin da ya burge ni da matar nan shi ne ba ta ce wa Hajiya ta koyi yarda da mutane ba, wanda shi ne abin da mai majigi zai ce. Ta ce, “Yaya, kin yi gaskiya. Abin da ya cuce ki shi ne kin ba da makulli da baki.” Sannan ta shiga bayani dalla-dalla. In za ka yi tafiya, na sama da kai ya sa hannu a takardar riƙon ƙwarya: wane ne zai riƙe, daga wace rana zuwa wace rana, kuma waɗanne takardu ne aka yarda ya buga wa hatimi. A sami littafi mai lambobi a jere, duk takardar da hatimi ya hau a shigar da lambarta da sunan mai ita da sunan wanda ya buga, ba a tsallake layi, ba a yage shafi. Ran tafiya a ƙirga abin da aka miƙa a sa hannu, ran dawowa a sake ƙirgawa. In an yi haka, in ji ta, takardar jabu in ta fito, littafi ne zai yi magana, kuma wanda sunansa ke takardar riƙo shi zai amsa. Ta ƙara da cewa takardu ba ɗaya suke ba. Shaidar cewa yaro ɗalibi ne a bana, wadda yake bukata don neman alawus a ANAB, hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, ko ɗaki da katin abinci a wurin masu kula da walwalar ɗalibai, ba ta kai a tsare ta kamar digiri ba. Ƙananan a sake su, manyan a riƙe.

Wani dattijo mai kula da kayan aiki a wata jami'a, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya ɗaga hannu. “Madam, a bar ni in faɗi wadda ba a faɗi ba. In makulli ya bar hannunka, gaisuwa ma raguwa take yi.” Aka yi dariya har da tafi, amma dariyar ta wanda aka taɓa wa gyambo ce. Albashin ɗan ofis bai taka kara ya karya ba, ba shi da CAMES da za ta ɗaga shi, ba a kiransa taro a Dakar. Abin da ya mallaka shi ne a ce sai wane ya zo. Duk horon da bai kalli wannan da idon rahama ba, ya tsaya yana zagin mutane da son kai, to a ganina ba zai raba kowa da makulli ba.

Da yamma aka raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu manyan takardu da alƙaluma, aka ce mu zana hanyar da takardar sakamakon ɗalibi take bi tun daga ranar jarrabawa har ta shiga hannunsa. Nan 'yan sikolarite muka samu bakin magana. Tun da aka koma tsarin LMD, wato lisans (digiri na farko) da masta da dakta, wanda UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta umarci ƙasashenta su bi a 2007, aikinmu ya ninka. Lisans shekara 3, masta 2, dakta 3, kowace shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30, sai yaro ya tara 180 kafin a ce ya gama lisans. Ga jarrabawar farko, ga ta ramuwa, ga wanda ya wuce aji na gaba da bashin darasi a baya. In kuma yajin aiki ya sa shekara ta hau kan shekara, sai ka ga rukuni biyu na 'yan aji ɗaya a lokaci guda. Muka zana: malami ya gyara, ya miƙa maki, shugaban sashe ya tattara, kwamiti ya zauna, a rubuta rahoton zama, a shigar a kwamfuta, a buga, shugaban tsangaya ya sa hannu, a buga hatimi. Sai matar ta ce a kowane mataki mu rubuta minti nawa aikin kansa yake ci, kuma kwana nawa takardar take kwanciya kafin a taɓa ta. Mintocin duka ba su cika yini ba. Kwanakin kuwa sai da muka ƙara takarda. Kuma wuraren kwanciyar sanannu ne: malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya koyar ya koma da takardun a jakarsa, wani lokaci yana jiran a biya shi, da kuma teburin mai sa hannu da ya yi tafiya.

A wajen shan shayi gardama ta koma kan manya. Har yanzu ba a huce ba a kan dokar 2019 da ta mayar da shugabannin jami'o'i naɗaɗɗu daga gwamnati maimakon zaɓaɓɓu, abin da ƙungiyar malamai ta SNECS ta yi ta yajin aiki a kai. Masu goyon baya suka ce zaɓaɓɓe ba ya iya tsawata wa waɗanda suka zaɓe shi. Masu adawa suka ce naɗaɗɗe Yamai yake kallo, ba jami'a ba. Na saurara, ban sa baki sosai ba. Na ga zaɓaɓɓu, na ga naɗaɗɗu, da nagari da akasinsu a kowane ɓangare, kuma dukansu wa'adi suke yi su wuce. Sakatariyar da ta tarbe su ita ke raka su. Amma in ka duba manyan shirye-shiryen horon da ake ji da su, irin LEDEV da MADEV na Ƙungiyar Jami'o'in Afirka mai hedikwata a Akara, ko kwas ɗin shugabannin tsangayoyi da hukumar DAAD ta Jamus ke tallafawa, za ka ga daga shugaban sashe zuwa sama suka fi nufa. Makarantar koyon mulki ta ƙasa da ke Yamai tana horar da ma'aikatan gwamnati, amma ofishin jami'a dawa ne daban, wurin da kake shugabantar mutanen da kowannensu yake ganin ya fi ka karatu, ga kuma ɗalibai dubbai da ƙungiyarsu a bakin ƙofa. Ɗalibi kuwa zai iya gama shekara uku bai taɓa ganin shugaban jami'a ido da ido ba. Jami'ar da ya sani ita ce fuskar da ke bayan tagar sikolarite.

An kai mu ziyara jami'ar garin, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya yi bincike mai zurfi a kan Adar da Ayar. An san ta da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, da kuma cibiyar koyon fasaha wadda ta riga jami'ar kanta. Iska tana ta kwasar ƙura, ɗalibai sun fake a jikin bango suna bitar darasi, 'yan mata da yawa fiye da yadda na zata. Wata ta ɗauka ni malami ne ta tambaye ni wani abu a kan dokar kwangila, na ce, “'Yata, ni mai buga takarda ne, in kin gama ki zo.”

Ranar Lahadi babu zama, kuma ita ce ranar kasuwar Tawa. Alhaji ya ja ni muka tafi. Buzaye da raƙumansu, Fulani da ƙoren nono, buhunan albasa, kanwa, jakunkunan fata, takubba, ga cuku an jera shi fari-fari a kan tabarma. Na sayi cuku da kilishi na tsaraba, Alhaji ya hana ni yin ciniki da kaina, wai bakina na 'yan Yamai ne, za a yanke ni. A hanyar komawa ya tambaye ni abin da ake koya mana. Da na ba shi labarin teburin makullai, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

Ashe yana da nasa ciwon. 'Yarsa ta yi karatu a wata jami'a mai nisa, da guminsa na Abijan. Da ta gama, aka buɗe wata gasar ɗaukar aiki, ana son takardar shaida. Ta hau mota ta je, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta kwana gidan mutane, ta dawo. Ta sake komawa, aka ce ya dawo amma mai hatimi tana biki. Kafin takardar ta fito an rufe karɓa. Ya ƙirga mini kuɗin mota jika bayan jika, amma ba kuɗin ne suka fi ƙona masa rai ba, shekarar da yarinyar ta zauna gida ce.

“Malam, ni ban yi lakwal ba,” in ji shi. “Amma shagona na Abijan wata huɗu nike barin shi in taho gida. Yaro na ciki, littahi na ciki. In na koma mu zamna mu yi lissahi. Da rufe shi nike in taho da makulli, da mi za mu ci? Ku da kunka yi karatu, mi ya hana ku?”

Ban ba shi amsa mai gamsarwa ba. Na ce masa dai shi shagon nasa ne, in yaro ya ci amana shi zai kore shi da kansa, mu kuwa ba mu muka ɗauki na ƙasa da mu ba, ba mu kuma iya sallamarsu. Ya ce wannan uzuri ne. Wataƙila rabinsa.

Ina da shakka a kan abin da zai saura daga irin wannan zama, kuma na faɗa a takardar da aka raba mana ta jin ra'ayi. An kira Hajiya, ba a kira shugaban tsangayarta ba, alhali shi ne zai sa hannu a takardar riƙon. An kira Dakta, ba a kira sakatariyar da ke nuna masa wurin sa hannu ba. Mutum ɗaya zai koma da sabon tunani cikin ofishin da kowa ke nan yadda aka bar shi, mako biyu ya yi yawa ya koma ruwa. Da ni ake tambaya, da an rage yawan jami'o'in da ake gayyata a zama ɗaya, a kira ofis sukutum, da mai gida da mataimaki da mai buga takarda har da masinja, su zana hanyar takardarsu tare, sannan bayan wata shida a bi su har gida a ga littafin hatimin. An dai buɗe mana zaure a WhatsApp don a ci gaba da tuntuɓar juna, kuma tun kafin mu bar Tawa ya fara cika da gaisuwar Juma'a.

Amma ba zan ce an tashi a banza ba. Daren ƙarshe na tarar da Hajiya a farfajiyar masaukinsu ita da matar nan, sun shimfiɗa darduma, suna rubuta daftarin takardar riƙo a bayan takardar jadawalin taro. Ta yarda za ta bar wa mataimakinta shaidar zama ɗalibi da takardun neman alawus, da sharaɗin a saya mata littafi mai lambobi kuma a yi hatimi na biyu mai alama daban. Sakamako da digiri kuwa ta ce ko da wasa. Matar ta ce hakan ma ya isa a fara.

Ranar rufewa aka sake jera kujeru, aka kawo lemo, aka yi jawabai. An buga takardun shaidar halartar horo, masu kyau, da zanen zinariya a gefe, sunan kowa da manyan baƙaƙe, an tara su a kan tebur. Muna jiran a fara kiran suna sai mai gabatarwa ya matso kusa da makirfo, ya yi gyaran murya, ya ba da haƙuri. Wanda zai sa hannu a takardun an kira shi Yamai da gaggawa tun jiya, kuma bai bar wa kowa izini ba. Za a aiko mana da su in ya dawo.

Hajiya ta juyo ta dube ni ta saman gilashi. “Malam, ka tambaya mana ko da hatimin ya tafi.”